Kanwa a Ruwan Ɓeraye

Shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki, ina gadin gidan marigayi Alhaji a Gwarzo. Shi na yi wa kiwon shanu shekara ashirin da 'yan kai. Da ya rasu magada suka sayar da garken, iyalinsa suka koma Kano, aka bar ni da tarin mukullai da ɗakunan da babu kowa. Matata ta riga shi tafiya da shekara biyu. 'Ya'yana mata biyu suna ɗakunansu, ɗaya a Kara, ɗaya can nesa. Aikina in share tsakar gida, in duba rufi idan an yi ruwa, in kori awakin maƙwabta. Wata rana sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ban da gaisuwar masallaci.

Ni mutum ne mai yawan kokwanto. Ƙofar da na kulle sai na koma na girgiza kwaɗon. Tun ina yaro idan na ƙirga shanu suka cika, sai na sake ƙirgawa, don kada ya zama wata na ƙirga sau biyu. Firamare kawai na gama a Gammo, amma rubutuna yana da kyau, kuma ban taɓa yarda in rubuta abin da ban gani da idona ba.

Wata Asabar da hantsi ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar gida. 'Yar Alhaji ce ta uku, wadda take koyarwa a jami'a, tana kuma karatun zama dakta. Na san ta tun tana bi na turke da ƙoƙonta tana kukan a tatsa mata. Ita Kawu take ce mini, ni kuwa tun da ta fara koyarwa na koma ce mata Malama. Muka gaisa, na tambayi Hajiya da yara da mutanen Kano, sannan ta ce:

"Kawu, garke na kawo maka."

"Garke a bayan wannan 'yar motar, Malama?"

"Goma sha takwas ne cif. Zo ka ƙirga, na san sai ka ƙirga."

Ta buɗe but. Akwatunan roba uku ne masu murfin waya, cikinsu fararen ɓeraye ƙanana masu jan ido, suna ta hawa kan juna. Na ja da baya ina a'uzu billahi. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta ce an rufe ɗakin dabbobin jami'a, ba wuta ba ruwa, masu kula da su ma sun daina zuwa. Idan ta bar su can za su mutu, aikinta na shekara ya tafi. Gidanta na Kano haya ne, mai gidan ba zai yarda ba. Sai ta tuna ɗakin baƙi na Alhaji, wanda ke da sanyi saboda inuwar darbejiya, ta kuma tuna ni.

Abin da take bincike a kai shi ne wani jiƙo da ake sayarwa a robobi a tasha da kasuwanni, wai na ciwon baya da gajiya. Tana so ta gano ko yana ɓata ƙoda. Da ta faɗi haka na sunkuyar da kai, don Alhaji ya daɗe yana shan irin jiƙon, ni ne ma nake sayo masa a kasuwar Kabo, kuma a wurin wankin ƙoda ya ƙare rayuwarsa. Ba ta ce saboda shi take yi ba, ni ma ban ce ba.

Ta raba ɓerayen gida uku, shida-shida, ta ɗiga wa kowanne tawada a wutsiya. Masu baƙar tawada ba a ba su jiƙon. Masu kore an cuɗa musu kaɗan a abinci, masu ja an cuɗa musu da yawa. Kowane rukuni da buhun abincinsa, an ɗaure bakinsa da zare mai launinsu.

Daga nan ta fito da wasu kejuna shida na daban, kowanne na ɓera ɗaya tak. Ƙasansa raga ce, ƙarƙashin ragar mazurari, ƙarƙashin mazurarin 'yar kwalba kamar ɗan yatsa mai zane-zanen awo. An ƙera shi yadda kashin ɓeran zai gangara gefe, fitsarin kuma ya bi ya sauka cikin kwalbar.

"Ƙoda kamar matacin koko ce, Kawu," in ji ta. "Jini take tacewa, dattin ya fita ta fitsari. Ni zan ɗebi ɗigon jini a wutsiya ran Asabar. Kai za ka tara mini fitsarin yini da kwana. Idan na gwada dattin da ke cikin jini da wanda ya fita a fitsari, zan san ko matacin na aiki. Amma fa fitsarin ɓera na yini guda bai kai rabin cokalin shayi ba. Ɗigo ɗaya ya ɓace, lissafin ya yi ƙarya."

Ta nuna mini yadda zan ɗiga mai a kwalbar don kada zafi ya busar da fitsarin, da yadda zan tsuguna in daidaita idona da zanen kafin in karanta. Baƙaƙe su shiga ran Lahadi da ƙarfe bakwai na safe, su fito Litinin da bakwai. Koraye Talata zuwa Laraba. Jajaye Alhamis zuwa Juma'a. In rubuta, in toshe kwalabe, in kai firijin mai kemis na bakin titi, wanda ke da sola. Ta yi magana da shi.

Da za ta tafi ta juyo ta ce, "Abu biyu, Kawu. Kada ka ba su wani abinci ban da wannan. Kada ka ba su wani magani, ko sun yi rashin lafiya."

Na ce na ji. Na kuma rubuta maganar a bangon littafin awon da ta ba ni, na ja mata layi.

Ban zaci zan saba da su ba. A satin farko da safar hannu nake taɓa su, kuma ina fitowa sai in wanke hannu har gwiwa, in sake wankewa, ina tunanin ko akwai najasa a rigata. Na keɓe riga guda ta shiga ɗakin. Amma dabba dabba ce. Kafin kwana goma na san wanda ke riga kowa zuwa abinci, na san wata ja mai yagaggen kunne da ke kwana a ƙarƙashin 'yan'uwanta. Ina canja musu ɓuntun shinkafa ina yi musu magana kamar yadda nake yi wa maruƙa. Gidan da ya shekara shiru sai ga shi da motsi, ko da kuwa ƙaramin motsi ne, sai ka kasa kunne.

Mai kemis kuwa ya samu abin yi. Duk ran da na shigo da kwalabe a cikin kula sai ya ɗaga murya don masu sayen magani su ji:

"Ga Sarkin Shanu ya iso da nonon safe! Baba, yau kwano nawa aka tatsa?"

"Kai dai buɗe firijin."

"Wallahi ka yi nesa da ruwan lemona. Ranar da wani ya sha fitsarin ɓera a shagona, kai za ka je gaban alƙali."

Nakan yi murmushi. Amma idan na fito sai in tsaya a bakin titi ina tunanin ko na toshe kwalba ta huɗu da kyau, in koma in ce ya buɗe mini in duba.

Matsalar ta fara ne daga kejunan kaɗaici. Ɓeran da ke tsalle cikin 'yan'uwansa, da zarar ka sa shi shi kaɗai a kan raga, sai ya tafi kusurwa ya dunƙule. Ba ɓuntun da zai shiga, ba ɗan'uwan da zai jingina da shi. Baƙaƙe da koraye sukan daure su ɗan ci su ɗan sha zuwa yamma. Jajaye kuwa ko kallon ruwan ba sa yi. Ran Juma'ar farko na tsuguna na duba kwalabensu, uku daga ciki man da na ɗiga ne kawai a ƙasa. Sati na biyu ma haka, har da ƙari.

Asabar ta biyu Malama ta ɗaga kwalaben jajaye tana kallo a hasken taga. Sannan ta ce:

"Kawu, ka tabbata bai zube ba?"

Ba da faɗa ta faɗa ba. Tambaya ce kawai, ta ma wuce zuwa wata magana. Amma ni ta zauna mini a ƙirji. Na yi sati ina juya ta. Ko da na ɗaga kejin hannuna ya girgiza? Ko mazurarin ya karkace ban lura ba? Ko tana ganin tsufa ya fara kama ni, ko tana zaton ba na tashi da bakwai ɗin? Shekara ashirin mahaifinta bai taɓa tambayata ko na tabbata ba.

A wurinmu, saniyar da ta ƙi ci ta ƙi sha, ba a fara nema mata magani. Kanwa ake jiƙa mata a komi. Ko lafiyarta ƙalau, duk bayan wani lokaci sai an ba garke kanwa, kamar yadda ake kai su rafi. Makiyayin da ya hana dabbobinsa kanwa, a idon mutanenmu mugu ne ko malalaci. Kuma a rumbun Alhaji akwai sauran rabin buhun jar kanwa tun ta shanun da aka sayar.

Allah ya sani na buɗe bangon littafin na karanta maganarta kafin in yi. Abinci, magani. Na tambayi kaina: kanwa abinci ce? A'a. Magani ce? Ba wanda ya taɓa kiranta magani a rugarmu. Kanwa kanwa ce, hakkin dabba ce a kan mai kiwonta. Na ɓantari kamar ƙwayar dawa biyu, na jiƙa a gorar ruwa, na tace da tsumma mai tsabta, na ɗanɗana da harshena na ji ba ta yi kaifi ba. Ran Alhamis na zuba wa jajaye, su kaɗai, don su ne ba sa sha.

Kafin azahar na leƙa, mai yagaggen kunne tana tsaye da ƙafa biyu tana lasar bakin gorar. Da safiyar Juma'a kwalabe shida duk da fitsari, wasu sun haura zanen da ko baƙaƙe ba su taɓa kaiwa ba. Na yi hamdala. Da na ga suna so, sai na riƙa sa musu har a akwatinsu na kullum. Ina da wani ɗan littafi nawa da nake rubuta abin da na yi a rana, a can na rubuta: kanwa, ƙwaya biyu, jajaye. A littafin Malama babu gurbin da aka tanada don haka, sai awon ruwa da na fitsari da nauyi, don haka ban sa ba. Ba ɓoyewa na yi ba. Ban ga abin faɗa ba ne, kamar yadda ban gaya mata na share ɗakin ba.

Sati uku aka yi a haka. Malama takan zo, ta auna su a sikeli, ta ɗebi jini, ta kwashe kwalabe daga kemis, ta ce, "Ka ga yanzu aiki na kyau, Kawu." Ni kuwa in ji kamar an sauke mini kaya.

Asabar ta shida Malama ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba, da takardu a hannu. Ta kai kwalaben sati biyar wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Kano, sakamako ya fito.

"Kawu, mun samu! Zo ka gani."

Ta shimfiɗa takardar a kan tabarma. Layuka uku ne, biyu a kwance, ɗaya ya miƙe sama tun daga sati na uku.

"Jajaye ke nan. Fitsarinsu ya ninka, kuma gishiri na ta zuba a ciki. Ƙoda mai lafiya riƙe gishiri take yi. Tasu ta fara saki. Na nuna wa farfesana, ya ce in rubuta, akwai taron masana wata mai zuwa, ni zan gabatar."

Idonta ya kawo ruwa, ta kalli ƙofar ɗakin mahaifinta, ta kau da kai.

Na ce, "Wane gishiri kuma, Malama? Ni ban taɓa sa musu gishiri ba."

"Haba Kawu, na sani. Ba na miya nake nufi ba. Wani sinadari ne da ke cikin gishiri, yana cikin jininmu, yana cikin kanwa ma, da su bekin soda na girki. Shi injin yake aunawa."

Ta ci gaba da magana, amma ban ƙara jin komai ba. Na taya ta riƙe ɓerayen tana ɗibar jini, hankalina ba ya wurin har ta ce ko zazzaɓi nake. Na ce gajiya ce. Na raka ta mota, na ce ta gaida Hajiya. Sau biyu na yi niyyar gaya mata maganar kanwa, na fasa. Motar ta sha kwana, na tsaya a ƙofar gida har ladan ya kira la'asar.

Kwana huɗu na yi ba wanda zan gaya wa. Mai kemis zai mayar da ita abin dariya a bakin titi. Liman zai ce in faɗi gaskiya, na kuwa san haka tun kafin ya faɗa. Abin da nake nema shi ne wanda zai ce mini ba komai. Ran Laraba, bayan na fitar da koraye na kai kwalabe, na hau mota zuwa Kabo, daga nan na hau babur zuwa Gammo wurin yayana.

Na same shi a gindin tsamiya yana yanka wa tumakinsa harawa. Yana hango ni ya fara:

"A'a, maraba da Ardon ɓeraye! Ina ka baro garken? Kada kyanwa ta yi maka fashi."

Muka gaisa, matarsa ta kawo fura. Na kasa sha. Na kwashe labarin na gaya masa tun daga farko. Ya saurara yana yankan harawarsa, da na kai wurin kanwa sai ya ajiye lauje ya tuntsire da dariya.

"Kanwa! Ka ba ɓera kanwa! Saura ka yi musu kaciya ka kai su mashaya. Wallahi Baffa na kabari da zai ji da ya ce ɗansa ne na halak."

"Yaya, ba abin dariya ba ne. Yarinyar nan za ta tsaya gaban manya ta faɗi abin da ba haka ba."

"Wa ya ce ba haka ba ne? Jiƙon nan ba shi ya kashe ubanta ba?"

"Allah ne ya sani."

"To Allah ya sani, kai ma ka sani, ita ma ta sani. Ka taya gaskiya fitowa ne da 'yar kanwarka. Ka ja bakinka ka yi shiru. Ita ta samu takardarta, kai ka tsira da mutuncinka, masu jiƙo a hana su. Wa aka cuta?"

"Idan kuma ba jiƙon ba ne?"

"Kai matsalarka ke nan tun kana yaro. Tuwo na gabanka kana tambayar wa ya daka. Ka faɗa, su ce tsohon ya rikice, su karɓe mukullansu. Ina za ka? Nan? Ɗakin da ka bari na zuba dawa a ciki."

Maganar da na zo nema ke nan, na kuma same ta. Amma a kan babur ina komawa sai na ji ta ƙi zama. Ina ta ganin Malama a tsaye a gaban mutane da takardar nan, wani masani ya ɗaga hannu ya ce shi ma ya gwada bai ga haka ba. Sunanta ne a kai, ba nawa ba. Ni ba wanda zai taɓa sanin ina duniya.

Ran Alhamis na sa jajaye a kejuna da ruwan rijiya zalla. Suka shinshina suka koma kusurwa. Na ɗauko kujera na zauna a bakin ƙofa ina kallonsu kusan wuni guda, su shida kowanne a kejinsa, ba mai motsi. Da safiyar Juma'a kwalabe biyu babu komai. Na rubuta babu komai.

Ran Asabar Malama ta zo da gurasa da ƙuli a leda, ta ce tukuicina ne. Na karɓa na ajiye. Na riga na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗora faranti da ɓarin jar kanwa a kai, da ɗan littafina a buɗe.

"Malama, zauna. Akwai maganar da ya kamata in yi tun wancan satin."

Na faɗa mata. Ban yi kwana-kwana ba, don na kwana biyu ina shirya kalmomin. Ta ɗauki kanwar ta juya ta a hannu. Ta ɗauki littafin ta bi ranakun da yatsa, ta fito da takardarta ta ajiye kusa da shi. Ranar da layin jajaye ya fara hawa ita ce ranar da na fara rubuta kanwa.

"Jajaye kaɗai?"

"Su kaɗai. Su ne ba sa sha."

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba, Kawu? Ga waya a hannunka."

"Kin ce abinci da magani."

"To kanwa fa?"

"Kanwa ai... kanwa ce, Malama."

Ta yi wata 'yar dariya guda ɗaya wadda ba ta daɗi ba, ta rufe fuska da tafin hannu. Na so ta yi faɗa. Da ta ɗaga murya ta ce na cuce ta, da na san inda zan ajiye kaina. Ba ta yi ba. Ta tashi ta tafi can ƙarshen gida wajen tsohon turke, ta kira farfesanta. Ina jiyo ta daga nesa tana cewa, "Ranka ya daɗe, akwai matsala. A'a, daga wurina ne. Ni ce ban yi bayani yadda ya kamata ba." Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Da ta dawo idonta ya yi ja, amma muryarta ta daidaita. Na tambaye ta ko za a iya cire satin kanwa a yi aiki da sauran.

"Ba zai yiwu ba. Sati uku suna shan jiƙo da kanwa tare. Duk abin da na gani a ƙodarsu yanzu, ba zan san na wane ne ba. Kuma idan babu jajaye, baƙaƙe da koraye ba su da abokin gwami. Sai sabon zubi, daga farko."

"Taron fa?"

"Babu taro."

Ta zauna a bakin tabarmar. Can ta ce, "Gaya mini, me ya sa a ganinka ba sa sha?"

Na ce ni dai abin da na sani, dabbar da aka raba da garke ba ta cin kirki a ranar farko. Maraƙin da za a yaye ba a ɗauke shi rana ɗaya, ana ɗaure shi a sabon turke na ɗan lokaci a mayar, gobe a ƙara, har ya saba. Waɗannan kuwa ranar da aka jefa su cikin kaɗaici ita ce ranar da ake auna su. Abin da ake aunawa rabinsa tsoro ne.

Ta ciro biro ta rubuta a bayan takardar sakamakon. Ta ce a sabon zubin za ta riƙa sa su a kejin kwana uku kafin ranar awo. Na ji wani ɗan sanyi, har na fara lissafin yadda zan tsara ranakun da keji shida. Sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, farfesa ya ce sabon zubin a Kano za a yi, a wani ɗaki a gidansa, inda za ta riƙa gani da idonta kullum.

Na ce hakan ya fi. Kuma har zuciyata na san ya fi.

Ta ce kada in wahalar da kaina da wankin kejunan, za a wanke a can. Na ce ta ba ni rabin awa. Na wanke su ɗaya-ɗaya a bakin rijiya, raga da mazurari, na goge, na jera a but. Sannan na ɗauko akwatunan uku. Ban tambaye ta abin da za a yi da ɓerayen ba, don na san ba a mayar da irinsu ko'ina. Na ƙirga su a gabanta, goma sha takwas, ta sa hannu a littafin.

Ta shiga mota ta tayar, sai ta sauke gilas.

"Kawu, da ka yi shiru ba zan taɓa sani ba."

"Na sani, Malama."

"To. Allah ya saka da alheri. A ci gurasar nan kada ta bushe."

Ba a karɓe mukullan ba. Har yau ina gidan. Daga bakin Hajiya na ji cewa Malama ta gama karatun, shekara guda bayan abokan karatunta, kuma wani aikin da ta so nema ya wuce ta saboda jinkirin. Duk Sallah takan kira ni, mu gaisa, ta tambayi ƙafata da ke ciwo, in tambayi yara. Sau da yawa nakan shirya in tambaye ta abin da sabon zubin ya nuna. Sai mu kai ƙarshen gaisuwa, ta ce, "To Kawu, sai an jima," in ce a gaida Hajiya, ta kashe.